Maigida ya damƙa batirin gidanmu ga kamfanin wuta, ni kuma na makara wurin aiki

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina dutin dare sau uku a mako a wani asibiti mai nisan kilomita 25 daga gidanmu. Shekara biyu ke nan muna da mota mai aiki da lantarki, batirinta na ɗaukar yunit 60, kuma ni na fi hawanta. A bara maigidana ya kashe kuɗi masu kauri ya sa batir mai yunit 10 a garejinmu, ba tare da sola ba, sannan ya shigar da mu wani tsari inda kamfani ke janye wuta daga batirin zuwa babban layi idan buƙata ta yi yawa, ya biya mu wani abu. Ya kuma haɗa cajar motar da wata manhaja da ke wayarsa. Makonni uku da suka wuce na dawo aiki da safe, na jona mota, na kwanta. Da na fito ƙarfe shida da rabi na yamma sai na tarar da ita a kashi 9 cikin ɗari, yadda na bar ta. Na tsaya a cajar kan hanya na biya fiye da fam 20, na isa aiki a makare, abokiyar aikina ta yi jirana kusan minti 40. Bayan kwana goma aka ɗauke wuta a unguwarmu na awa biyu, gidanmu ya yi duhu kamar na kowa, ga batir maƙale a bango. Da na yi magana sai ya ce ban fahimci tsarin ba, ya nuna mini fam 14 da aka biya mu a watan. Yanzu kuma yana so mu sauya mota, mu sayi wadda ita ma za ta riƙa mayar da wuta kan layi. Na ce sai dai a fitar da mu daga tsarin gaba ɗaya. Tun ranar magana ba ta daɗi tsakaninmu. Wace shawara za ki ba ni?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba da ladan ɗawainiya da marasa lafiya, ya kuma daidaita tsakaninki da maigida.

Ɓacin ranki yana da tushe. Makarar ma'aikaciyar jinya ba irin ta sauran ma'aikata ba ce, domin a bayanta akwai wadda ta shafe awa 12 a tsaye tana jiran a karɓe ta ta koma wurin 'ya'yanta, akwai kuma marasa lafiya da ba za a bar su ba tare da mai kula ba ko na minti ɗaya. Ina kuma jin kalmar "ba ki fahimta ba" ta fi fam 20 ɗin nan yi miki ciwo. Amma da na karanta wasiƙarki sau biyu, sai na ga abubuwa uku ne daban-daban suka ɗaure wuri guda a zuciyarki: motar da ba ta yi caji ba, gidan da ya yi duhu, da wutar da ake sayar wa kamfani. Kowannensu dalilinsa daban, maganinsa ma daban. Ra'ayina shi ne kada ku fita daga tsarin, kada kuma ku sayi sabuwar mota a yanzu. Abin da ya kamata shi ne ku zauna ku biyu ku ware abin da gida da aikinki ke buƙata, ku kulle shi a cikin na'urorin yadda babu mai taɓa shi, sannan ku bar wa kamfani ragowar.

Mu fara da motar. Batirin garejinku bai zuƙe mata komai ba, kamfanin ma bai ɗauki wuta daga cikinta ba, tunda motarku ba ta da hanyar mayar da wuta kan layi. Abin da ya faru shi ne cajar ba ta fara aiki ba sam, tana jiran dare. Tun ranar 30 ga Yunin 2022 doka ta wajabta cewa cajar gida da ake sayarwa a Ingila ta zo da saitin da zai kauce wa lokutan da mutane suka fi jan wuta a ranakun aiki, wato ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da kuma ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare. Idan kuma aka haɗa cajar da manhajar kamfanin wuta, manhajar kan yi tambaya biyu: kashi nawa ake so batirin mota ya kai, kuma da ƙarfe nawa ake so a same ta a shirye, sannan ta jira lokacin da wuta ke araha kafin ta fara caji. Yawancin mutane kan sa ƙarfe 7 na safe saboda da safe suke fita, kuma ga dukkan alama abin da maigida ya bari ke nan. Ke kuwa kina dawowa a lokacin da wasu ke fita, kina fita a lokacin da suke dawowa. Na'urar ta bi umarnin da aka ba ta, sai dai umarnin na mai aikin rana ne.

Dokar da ta kawo wannan saiti ita ce kuma ta bai wa mai caja ikon sauya shi, don haka gyaran yana hannunku. Manhajar nan ta sauka a wayarki ke ma, da cikakken ikon sarrafawa, saboda bai dace a ce wadda ta fi kowa dogara da motar sai ta tashi mijinta daga barci ko ta kira shi a ofis kafin ta iya cajinta ba. Ki kuma nemi maɓallin da ke sa caji ya fara nan take ba tare da jiran lokacin araha ba, ki gwada shi da hannunki a ranar da ba ki da aiki, ki tsaya har ki ga lambar da ke gaban motar ta fara hawa. Cajar bango ta gida tana ba da kimanin kilowat 7, wanda ke ƙara wa mota tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a cikin awa ɗaya. Zuwa da dawowarki kilomita 50 ne, wato kusan yunit 10, abin da cajar za ta bayar a cikin awa ɗaya da rabi. Ko da a farashin rana mai tsada ne, kuɗin bai kai fam 3 ba. Da kin san da maɓallin nan, kuma kin duba motar da la'asar, da ba ki tsaya a hanya ba.

Akwai dabarar da ta fi wannan, wadda za ta ba ki kwanciyar hankali, ta kuma bar wa maigida arahar da yake nema. Dare uku kike aiki, dare huɗu mota tana kwana a gida. Dutin mako gaba ɗaya kilomita 150 ne, wato kimanin yunit 30 idan gari da ɗumi, ya ɗan haura haka idan sanyi ya shigo. Batirin motarki yunit 60 ne, saboda haka idan kika cika shi zuwa kashi 80 ko 90 a daren da ya gabaci dutinki na farko, zai iya kai ki ya dawo da ke har sau uku ba tare da kin sake jona shi ba, muddin ba a yi wasu tafiye-tafiye masu nisa a tsakani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsalar da kika shiga ranar nan ta fara ne tun kafin safiyar, lokacin da aka bar motar ta sauka har kashi 9, kuma wannan wuri ne da nake ganin ke ma za ki iya gyarawa: ki ɗauki kashi 30 a matsayin ƙasa, duk ranar da kika shigo gida da ƙasa da haka, ki danna cajin nan take kafin ki kwanta, kada ki yi lissafin tsada. Ku kuma tambayi kamfaninku ko tsarinsu yana ba da farashin araha da rana idan su suka zaɓi lokacin cajin, domin wasu tsare-tsaren suna yin haka idan mai mota ya faɗi lokacin da zai fita.

Sai batun duhu, kuma a nan na fi fahimtarki, saboda ni ma da idon mutumin gida na fara kallon abin. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya ya san amfanin batir da inbata guda ɗaya ne: idan an ɗauke wuta, fanka ta ci gaba da juyawa, ƙwan fitila ya ci gaba da haske. To a Ingila akasarin batiran gida ba don haka ake sa su ba. Ana sa su ne don a sayi wuta da araha cikin dare a yi amfani da ita da rana lokacin tsada, ko a adana ta sola. Inbatar da ke haɗe da babban layi an gina ta ne ta kashe kanta da zarar layin ya mutu, kuma da gangan aka yi haka, domin idan ta ci gaba da tura wuta cikin wayoyin unguwa, ma'aikacin da ya zo gyara yana zaton layi a kashe yake zai iya rasa ransa. Kafin batir ya riƙe gida lokacin da aka ɗauke wuta, sai an ƙara wata na'ura da za ta raba gidan da layin waje, a kuma yi mata wayoyi da haɗin ƙasa na musamman. Wasu batiran suna zuwa da ita, wasu sai an biya kuɗinta daban, kuma masu sayarwa ba kullum suke jaddada wannan ba idan mai saye bai tambaya ba. Mai yiwuwa maigida ma bai sani ba sai ranar, kuma kunya ce ta sa ya kare kansa da maganar da ya yi miki.

Ko ya cancanci ku kashe kuɗin ƙarin? Ɗauke wuta abu ne mai wuya a Birtaniya, domin a matsakaici abin da gida ke rasawa a shekara bai kai awa ɗaya ba. Amma yakan faru da tsanani wani lokaci, kamar a watan Nuwamban 2021 da guguwar Arwen ta katse wa gidaje kusan miliyan ɗaya wuta, wasu a arewacin Ingila da Sikotland suka wuce mako guda a duhu cikin sanyi. A gari irin Birmingham ba na ganin buƙatar a riƙe gida gaba ɗaya. Ku kira wanda ya sa muku batirin ya ba ku farashin layi guda da zai riƙe firiji, fitilu kaɗan, na'urar intanet, da tukunyar ɗumama gida, wadda ko da iskar gas take aiki ba ta motsi sai da lantarki. Idan farashin bai yi nauyi ba, ku yi, musamman da yake ke ba kya gida da dare sau uku a mako, yara kuma suna nan. Idan kun yi, sai ku sa batirin ya riƙa ajiye kashi 20 ko 30 da ba ya sauka ƙasa da shi, domin na'urar ba ta da amfani idan batir ya wayi gari a wofi.

Yanzu bari in yi wa maigida adalci, domin abin da ya shiga ba shirme ba ne. A ranar 30 ga Satumban 2024 Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal, ta Ratcliffe-on-Soar, kuma a shekarar iska ce ta samar da kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar ƙasar. Iska kuwa ba ta kaɗawa bisa agogon mutane. Takan yi ƙarfi da tsakar dare lokacin da kowa ke barci, ta lafa da yamma lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna murhu da tanda da injin wanki. Tsakanin ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma a lokacin hunturu shi ne lokacin da layin ya fi ɗaukar nauyi, kuma dole wutar da ake samarwa ta yi daidai da wadda ake ja a kowace daƙiƙa, in ba haka ba bugun layin ya kauce daga 50 a daƙiƙa, na'urori su fara katse kansu. A da, galibi tashoshin gas masu tsada ake tayarwa don cike wannan giɓi. Yanzu an gano cewa idan gidaje dubbai kowanne ya ba da kilowat biyu ko uku daga batirinsa na awa ɗaya, sun yi aikin tasha guda. Aikin gayya ne, kowa ya zo da fartanyarsa. Jihar Kudancin Ostireliya ta fara irin wannan tun 2018, ta soma da gidajen gwamnati da masu ƙaramin ƙarfi ke haya, kamfanin Green Mountain Power na jihar Vermont a Amurka kuma ya daɗe yana bai wa mutane hayar batir bisa sharaɗin zai ja daga ciki lokacin cunkoso. A Birtaniya ma hukumar da ke kula da babban layi ta fara biyan gidaje don rage jan wuta a lokacin cunkoso tun hunturun 2022. Saboda haka mijinki yana cikin wani abu mai amfani ga jama'a, kuma zai yi kyau ki faɗa masa kin gane haka.

Sai dai amfani ga jama'a daban, ribar aljihu daban, kuma a nan ne nake ganin ya ɗan ruɗe. Mu yi lissafi da farashin da ya yi kusa da na 2025, da kwabon Ingila wanda 100 ke yin fam ɗaya. A ɗauka yunit yana kwabo 8 da dare, kwabo 27 da rana. Batir yakan yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari tsakanin shiga da fita, don haka sai kun sayi yunit 11 kafin ku ci moriyar 10. Kun biya kwabo 88, kun kauce wa biyan kwabo 270, ribar yini ta zama kusan fam 1 da kwabo 80, wato fiye da fam 600 a shekara idan ana cika shi ana juye shi kullum. Motar kuma, idan tana cin yunit 45 a mako har da sauran tafiye-tafiye, kuɗinta fam 3 da kwabo 60 ne a farashin dare, fam 12 da ɗoriya a farashin rana, sama da fam 33 a cajar kan hanya mai sauri inda yunit ke kaiwa kwabo 75, wanda wani ɓangaren tsadarsa haraji ne, tunda a shekarar harajin kaya a cajar waje kashi 20 ne, na wutar gida kuma kashi 5. Ki dubi waɗannan lambobi kusa da fam 14 da ya nuna miki. Asalin ribarku tana cikin farashin dare, kuɗin da kamfani ke biya don janye wuta ƙari ne kawai, kuma tsayawarki sau ɗaya a cajar hanya ta cinye na wata ɗaya da rabi. Wannan lissafi yana yanka ta fuska biyu. Yana nuna masa cewa fam 14 bai kai a sa aikinki cikin haɗari ba, yana kuma nuna miki cewa ficewa gaba ɗaya za ta iya jawo muku asara babba idan farashin daren yana ɗaure da haɗin cajar da manhajar.

Manomi mai hankali idan ya cika rumbu, yakan fara ware abincin iyali har zuwa kaka mai zuwa, ya ware iri, sannan abin da ya saura ya kai kasuwa. Haka nake so ku ɗauki batirin nan. Ku ɗauko yarjejeniyar da maigida ya amince da ita, ku karanta tare, domin mutane da yawa suna danna amincewa a waya ba su karanta ba. Ku nemo wurin da aka faɗi iyakar da kamfani ba zai sauke batir ƙasa da ita ba, ku ga ko ku ne kuke sa ta ko su. Ku duba sau nawa za su iya janye wuta a shekara, na tsawon wane lokaci, da ko kuna da ikon ƙin shiga a wata rana ba tare da tara ba. Ku lura da wani abu da ake yawan mantawa: idan an juye batirinku da ƙarfe 5 na yamma, girkin dare da wankin ranar da wutar tsada za a yi su, saboda haka sai an cire wannan daga abin da aka biya ku kafin a san ribar gaskiya. Sannan ku ɗauko takardar garantin batirin. Yawancinsu shekara 10 ne, tare da alƙawarin cewa batir zai riƙe wani kaso na ƙarfinsa, sau da yawa kusan kashi 70, amma wasu masu ƙerawa suna ƙayyade garantin da adadin yunit da zai ratsa batirin, kuma wutar da ake sayar wa layi tana shiga cikin ƙidayar. Idan tsarin bai ba ku ikon sa iyaka ba, a nan zan goyi bayanki ku bar shi ku nemi wani, tunda kamfanoni da dama suna yin wannan harka yanzu.

Wani ƙaramin abu da ya kamata mai sa batirin ya duba muku: batirin gida yana ɗaukar mota a matsayin wani kayan wuta na cikin gida, don haka idan ba a saita shi ba, da zarar mota ta fara caji sai ya juye kansa cikinta. Da dare wannan asara ce tsantsa, domin wuta mai araha ce ake zagayawa da ita ta batir biyu. Ana gyara shi cikin 'yan mintoci.

Game da sabuwar motar, amsata a'a ce a yanzu, kuma dalilin yana cikin jadawalin aikinki. Fasahar gaskiya ce, motar Nissan Leaf ta daɗe tana iya mayar da wuta, kuma a watan Fabrairun 2024 kamfanin Octopus Energy ya fito da tsarin da ke bai wa mai irin wannan mota caji kyauta idan ya cika sharuɗɗa, cikinsu har da barin motar a jone na sa'o'i masu yawa kowane wata. Amma ki tambayi kanki, da wane lokaci layin zai so ya ja wuta daga motar? Daga ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma, daidai lokacin da kike shirin fita. Da wane lokaci zai mayar mata da wutar? Da tsakar dare, lokacin da take ajiye a harabar asibiti. Tsarin ya dace da wanda motarsa ke kwana a gida kullum, ko mai ritaya, ko mai aiki daga gida. A gidanku zai mayar da abin da ya faru sau ɗaya bisa kuskure ya zama abin fargaba na kowane mako. Ga kuma kuɗin caja ta musamman mai tura wuta ta fuska biyu, da neman izinin kamfanin da ke da wayoyin yankinku, wanda ake buƙata kafin a haɗa duk na'urar da ke tura wa layi wutar da ta wuce kilowat 3.68, ga faɗuwar darajar motar da za ku sayar bayan shekara biyu kacal. Batirin motar lantarki yawanci yana da garantin shekara 8 ko mil 100,000, don haka taku tana da sauran rai sosai. Idan wata rana kin koma dutin rana, ku sake duba maganar.

Yadda za ki tunkari maigida shi ne abin da zai sa duk wannan ya yi aiki ko ya rushe. Kada ki ɗauko zancen kina sanye da kayan aiki kina neman makulli, kada kuma ki ɗauko shi da safe bayan dutin dare, lokacin da gajiya ke sa harshe kaifi. Ki zaɓi ranar hutunku, bayan yara sun kwanta. Ki fara da yaba masa, domin mutumin da ya zauna yana bin farashin wuta awa-awa don ya rage wa gida nauyi yana yin haka ne saboda kulawa, kuma lissafin da na yi a sama ya nuna ya tanada muku ɗaruruwan fam. Daga nan ki gaya masa abin da ya faru da ke a daren, ba a matsayin tuhuma ba: yadda kika tsaya ke kaɗai a wurin caji cikin duhu da sanyi kina kallon agogo, da yadda kika ji lokacin da kika shiga ɗakin marasa lafiya kika ga abokiyar aikinki tana jira. Sau da yawa namiji yana jin "na makara" a matsayin labari, ba ya hango nauyinsa sai an zana masa. Ki janye maganar ficewa gaba ɗaya, ki maye ta da buƙatu uku da ba su da wuyar karɓa: manhaja a wayarki, kashi 30 a matsayin ƙasa ga mota, da iyakar ajiya a batirin gida. Ki kuma nemi ya nuna miki yadda manhajar ke aiki, shafi bayan shafi. Tunda ya ce ba ki fahimta ba, hanya mafi sauƙi ta kashe maganar ita ce ya zama malaminki na awa ɗaya, kuma ina kyautata zaton a cikin awar shi ma zai ci karo da saitin ƙarfe 7 na safe da idonsa, ba sai kin nuna masa ba. Idan ya gani, ki bar shi ya gyara, kada ki ce "ai na faɗa".

Ga shi ma ina da magana, idan wannan amsa ta kai gare shi. Malam, na'urar da ke gidan da mutum biyu ke rayuwa a cikinsa ba ta zama ta mutum ɗaya don shi ya biya kuɗinta. Uwargida ce ke tuƙa motar nan cikin dare, don haka duk wani saiti da ya shafi motar, da saninta za a yi shi, kuma ba da haƙuri kan daren nan ba zai rage maka komai ba.

Ku ba wa sabon tsarin wata uku, kuna rubuta abu uku a takarda guda a ƙarshen kowane wata: kuɗin wutar da kuka biya, abin da kamfani ya biya ku, da sau nawa aka danna cajin nan take. Ku tabbata watannin sun haɗa da na sanyi, saboda a Disamba da Janairu motar lantarki tana iya rasa kashi ɗaya cikin biyar na nisan tafiyarta ko fiye, sakamakon sanyin batir da ɗumama cikin mota. A waɗannan watanni ki ɗaga ƙasanki daga kashi 30 zuwa 40, ki kuma sa motar ta ɗumama kanta minti 15 kafin ki fita tana jone da caja, yadda za ta sha daga wutar gida maimakon batirinta, gilashi ya narke, ki tashi da cikakken caji. Ki tambayi ofishin kula da harabar asibitinku ko akwai wurin caji na ma'aikata da farashinsa, ki yi rajista tun yanzu ko da ba za ki riƙa amfani da shi ba, sannan igiyar cajin ta riƙa kwana a bayan motar.